Gashin Bakin Orval da Harsashin da Ya Ƙi Tashi

A garinmu Tullis, idan ka ji mutum yana koya wa makaniki gyaran mota, yana gyara wa fasto wa'azi, yana nuna wa saniya yadda ake haihuwa, ba sai ka waiga ba. Orval Stroud ne. Babu abin da bai sani ba, kuma babu wanda ya taɓa kama shi yana yin ko ɗaya.

Abu guda dai ya iya, wannan kowa ya sallama masa, wato kiwon gashin baki. Shekara talatin da ɗaya yana renonsa. Kowane gefe ya miƙe ya lanƙwashe sama kamar ƙahon bijimi, in zai shiga ɗaki sai gashin ya riga shi sallama. Akwai wani ɗan gwangwanin mai da ba ya rabuwa da aljihun rigarsa, wai haɗin kakansa ne, sirri ne. Duk lokacin da zai yi tunani, ko zai yi kamar yana yi, sai ya tsoma yatsa a ciki ya murza dama, ya sake tsomawa ya murza hagu.

To, duk shekara, ranar Asabar ɗin da ke gaban Bikin Godiya, bikin da kowane gida a Amurka ke gasa talo-talo, ƙungiyar maharba kan yi gasar talo-talo. Faranti shida na ƙarfe, taku ashirin da biyar, ƙaramar bindiga libarba, harbi shida. Wanda ya fi kayarwa ya tafi da talo-talo da ransa. Sharaɗi ɗaya ne tun zamanin kakanni: ba a shiga da harsashin kanti, sai wanda ka ɗura da hannunka. Shekara shida a jere Wilma Haskett ke ɗauke tsuntsun, kuma Wilma, direbar motar 'yan makaranta, ƙanwar Nadine ce, matar Orval. Wannan abu ya tsaya wa Orval a maƙogwaro.

Wata safiya a shagon kofi ya baje a kujera ya fara.

"Sa'a ce kawai. Macen da take ɗaukar hular harsashi da hantsaki, kamar mai gyaran gira? Ai ɗurin harsashi aikin yatsa ne. Yatsa shi ke ji. Ni da ido rufe sai in ɗura ɗari kafin kofin nan ya huce."

Bai san Wilma na bayansa tana cin fanke ba.

"Mijin Yaya," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba, "shekara nawa kana zuwa gasar nan?"

"Talatin."

"Harbi nawa ka yi?"

"Kafaɗa ke damuna."

"Bara kafaɗa. Bara waccan gwiwa. Kafin nan ka ce ƙuda ya shiga maka ido. Bakin nan ne dai bai taɓa kwanciya jinya ba."

Shago ya ɗauki dariya. Wuyan Orval ya yi ja. Ya tsoma yatsa ya murza dama.

"Ke 'yar nan, ki kiyaye ni. In na shiga bana, sai dai ki ci wake ranar biki."

"Shiga mana. In ka ci ni, zan wanke maka akori-kurarka a bakin shagon nan, da rigar zuwa coci, ina kiranka Gwani."

"In kuma kin ci fa? Ba za a yi ba, amma faɗi."

Wilma ta ajiye cokali, ta miƙa yatsa ta nuna tsakiyar fuskarsa.

"Wannan tsintsiyar."

Da Orval mai hankali ne, da a nan ya ce kofi ya ƙone shi ya fice. Amma ga idon mutane, ga Dattijo Elwood Pruitt, maƙwabcinsa kuma alƙalin gasar, ya riga ya miƙe yana cewa, "Almakashin askin tumakina na nan, jiya na wasa shi."

"Na yarda," in ji Orval. "Nadine ma zan ce mata kada ta sayi talo-talo."

Kuma ya je ya faɗa mata ɗin.

A wajen gwanjon kayan wani mamaci ya sayo injin ɗuri, ya kafa shi a rumfar mota. Mai gwanjo ya haɗa masa da littafin koyarwa, Orval ya tokare ƙafar tebur da shi. Aikin dai ba wani tsafi ba ne. Ga kwanson tagulla, ga albarushi, ga dalma a baki. A gindin kwanson akwai ɗan rami, nan ake cusa hula, wata 'yar mitsitsiyar aba da ba ta kai maɓallin riga ba. Ita 'yar gudumar bindiga ke sara, ta ba da wuta, albarushi ya kama. In hula ta ƙi, abin da ke hannunka ƙarfe ne kawai mai nauyi.

Orval ya zauna. Ya murza dama, ya ɗauki hula. Ya murza hagu, ya ɗauki wata. Nadine ta leƙo.

"Orval, ka ga man keken ɗinkina? Kwalba ta uku ke nan bana."

"Ina ruwana da keke? Ki bar ni, aikin nan na buƙatar nutsuwa."

Washegari da hantsi ya fita bayan rumbu, ya jera gwangwanaye shida a kan shinge. Elwood ya zo ya jingina a nasa ɓangaren yana tauna tsinke. Orval ya cika gangar libarba, ya gyara tsayuwa, ya ja guduma. Guduma ta ƙi tasowa. Ganga ta cije, ko motsi. Ya ja da babban yatsa, ya ja da biyu, ya haɗa da haƙori wajen nishi.

"Bindigar nan ta tsufa," in ji shi.

"Miƙo ɗaya in gani."

Elwood ya shafa gindin harsashin da ɗan yatsa.

"Hularka ba ta zauna ba. Duba, ta yi tsiri kamar ƙurji. Ita ke gogar jikin bindiga."

"Na sani. Gwada ka nake yi."

"To, na ci jarrabawa?"

"Da ƙyar."

Kwana biyu yana warware harsasai hamsin da ya ɗura yana sake su, yana zagin kamfanin da ya yi kwanson. Wannan karon huluna suka zauna daram, ganga ta juya sumul. Ya auna gwangwani, ya ja kunama.

Ƙyat.

Ya sake. Ƙyat.

Elwood ya karɓi harsashin ya ɗaga shi sama ya daɗe yana kallo.

"Orval, ina tabaranka?"

"Tabarau na tsofaffi ne."

"To, yaro, ka kifa hular. Gefen da ya kamata ya dubi albarushi shi ke kallona."

"Haka Jamusawa ke yi."

"Su ma nasu ba ya tashi?"

Kafin la'asar labari ya kai shagon kofi, kafin magariba ya kai gidan mai. Yaran da Wilma ke kaiwa makaranta suka ƙirƙiro sabuwar gaisuwa. Duk sanda motar ta wuce ƙofar gidan Orval sai kawuna talatin su leƙo ta taga su ce, "Ƙyat!"

Zagaye na uku ya sa tabarau, amma sai da ya rufe ƙofar rumfa ya toshe taga da kwali. Tsakani da Allah, wannan karon ya yi a hankali. Kowace hula sai ya ɗauke ta da yatsa, ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya murza gashin baki yana nazari, ya sake juya ta, sannan ya zaunar. Ba a taɓa lailaya hula a jihar Wyoming kamar yadda aka lailaya waɗannan ba. Har sheƙi suke yi.

Bayan rumbu. Elwood a shinge, yau har da kujera ya zo da ita.

Ƙyat. Ƙyat. Ƙyat.

Elwood ya duba gindin harsashin. Hula ta zauna daidai, fuskarta daidai, ga shaidar saran guduma a tsakiya. Ya sosa ƙeya.

"Wannan kam ta fi ƙarfina. Ka je ka tambayi Wilma."

"In tambayi wa? Gara in tambayi akuyarka. Guduma ce ba ta da ƙarfi."

Ya kwance marfin mariƙin bindiga ya ɗaure wani noti har sai da guduma ta koma sai da yatsa biyu take tasowa. Ya fito ya gwada. Ƙyat ɗin ta ƙara ƙarfi, shi ke nan abin da ya canza.

Saura kwana uku. Orval ya zauna a kan bokiti, ya tsoma, ya murza, ya tsoma, ya murza, sai ya yi zumbur ya miƙe.

"Damshi!"

Ya kwashi harsasai ya nufi kicin. Nadine ta tare ƙofar tanda da muciya a hannu.

"Ka sa abin nan a tandana, ni da kai sai a gaban alƙali."

"Ɗumi kaɗan kawai suke so."

"Fita."

Ya fita yana ƙunƙuni, yana neman inda ke da ɗumi marar wuta. Idonsa ya faɗa kan akurkin kaji. Nadine na da wata jar kaza masifaffiya da ta yi sati biyu tana kwanci a kan banza, ba ƙwai ba komai. Orval ya durƙusa ya cusa mata harsashi goma sha biyu a ƙarƙashin ciki. Ta sare shi sau huɗu a hannu, sau ɗaya a hanci, sannan ta gyara zama ta karɓe su a matsayin 'ya'ya.

"Ba za ka gwada ko ɗaya ba?" in ji Elwood ta saman shinge.

"In gwada su sha iska? Sai ranar. Za ka ga aiki."

"In sun ƙyanƙyashe ka ajiye mini ɗaya."

Ranar Asabar garin Tullis kaf ya hallara a filin harbi. Wasu ma tun da aka haife su ba su taɓa zuwa gasar ba, amma yau har da kujerun naɗewa da tulunan kofi. Fasto ya zo. Talo-talon gasa na cikin keji kusa da teburin alƙali, wani ƙato mai jan wuya. Kusa da kejin kuma Elwood ya ajiye almakashin tumaki, ya ɗaura masa jan ƙyalle.

Wilma ta shiga. Tas, tas, tas, tas, tas, faranti biyar suka kwanta, na shida ya yi rawa ya tsaya. Ta fyace hanci ta koma ta zauna.

Orval ya iso a makare, hannu duk filasta, don kazar ba ta ba da 'ya'yanta ta daɗi ba. Ya zazzage harsasai a tebur, har da gashin kaza manne a jiki, da wani abin da ba gashi ba. Gashin bakinsa kuwa ya sha mai, yana ɗaukar ido.

"Biyar?" ya ce. "Allah sarki. Ki fara neman soso, ƙanwata."

Elwood ya yi gyaran murya.

"Ka san doka. In harsashi ya yi ƙyat, ba ka sauke hannu. Bakin bindiga na kallon faranti har a ƙirga talatin, don wani kan yi nawa sannan ya tashi."

"Ba za a kai ga haka ba."

Ya ja guduma da yatsa biyu. Ya kanne ido. Jama'a suka toshe kunne.

Ƙyat.

Talo-talo ya miƙe wuya ya ce, "Gulu-gulu-gulu!"

"Ɗaya," in ji Elwood. "Biyu. Uku."

Kafin ya kai bakwai yara sun karɓe. Kafin goma sha biyar gari duka na ƙirgawa, fasto na ba da amo da hannu kamar a waƙar coci. Orval na tsaye, hannu a miƙe, bindiga na ƙara nauyi.

"Talatin!"

"Wannan ɗumama bindiga na yi," in ji Orval.

Ƙyat.

"Gulu-gulu-gulu!"

"Ɗaya! Biyu!"

A na uku hannunsa ya fara rawa. A na huɗu wata tsohuwa ta roƙa a rage sauri, ba ta iya bin ƙirgan. Aka rage. A na biyar gumi ya narkar da man, gefen dama na gashin baki ya sunkuyo ƙasa kamar kunnen jaki. A na shida talo-talon bai ma jira ƙyat ba, ya riga bindigar.

"Ban yarda ba!" Orval ya daka tsawa. "An yi mini wani abu! Iskar filin nan da damshi!"

"Mijin Yaya, wata huɗu rabonmu da ruwan sama," in ji Wilma. "Amma kana da saura shida. Na yafe, sake."

Wannan ba tausayi ba ne, mugunta ce tsagwaronta, kuma Orval ya faɗa ciki da ƙafa biyu. Aka sake ƙyat shida, gulu-gulu shida, talatin-talatin shida. Mai sayar da kofi ya ce bai taɓa ciniki irin na ranar ba.

Da aka gama, Wilma ta zo tebur ta ɗauki harsashi ɗaya. Ta duba gindinsa, ta shafa, ta dubi yatsanta. Sai ta kai hanci.

"Yaya Nadine, zo ki shinshina."

Nadine ta shinshina harsashi. Ta tsaya. Ta matso ta shinshina fuskar mijinta. Sannan ta zura hannu a aljihun rigarsa ta zaro gwangwanin nan ta buɗe.

"Man kekena! Orval! Kwalba uku! Na kori yarinyar da ke mini shara saboda man nan!"

"Akwai kitsen barewa a ciki," in ji Orval a sanyaye. "Haɗin kakana ne."

"Kakanka tela ne?" in ji Nadine.

Wilma ta riƙe ciki don dariya.

"Da wannan hannun kake ɗaukar hula? Ka murza, ka ɗauka, ka murza, ka ɗauka? Mijin Yaya, mai in ya shiga cikin hula ai ta mutu. Kai ka zaci don ado nake amfani da hantsaki? Ba damshi ba ne, ba guduma ba ce. Tsintsiyar nan ce ta kashe maka harsashi tun ranar farko."

"To, ashe mai laifin aka yanke wa hukunci," in ji Elwood, ya kwance jan ƙyalle.

Aka zaunar da Orval a kan kejin talo-talo. Aka yafa masa buhun abincin kaji a wuya. Ya nemi a bar shi ya yi jawabi, aka ce a'a. Wilma ta kama ƙahon dama, ta sa almakashi, ƙaras! Ta bi da reza ta share gefen tas. Shekara talatin da ɗaya suka faɗi a ƙasa, talo-talo ya zuro kai ya tsattsaga ya tofar.

Orval ya rufe ido yana jiran na hagu. Shiru. Ya buɗe. Wilma na goge almakashi.

"Ƙarasa mana!"

"Na gaji. Hannuna ciwo yake. Kafaɗa ce, ka san ta."

"Ke, ba haka aka yi da ke ba!"

"An ce in na ci, nawa ne. Na ɗauki rabi, na bar maka ajiyar rabi. Ka kula mini da shi."

Haka ya koma gida, gefe ɗaya bijimi, gefe ɗaya jariri. Kuma don taurin kai ya ƙi ƙarasawa. Ya ce a manyan birane haka ake yayi. Ranar biki Wilma ta kawo talo-talon gasasshe gidan yayarta, ta yanka masa cinya ɗaya, ta ce ya tauna ta gefen da babu shinge.

Bayan sati ɗaya Elwood ya ji motsi bayan rumbu, ya jawo kujerarsa. Orval ne da sababbin harsasai shida. Nadine ta kulle man kekenta a akwati, amma akwai ragowa a gwangwani, kuma hannu ya riga ya saba. Na dama in ya tashi murzawa sai ya tarar da fili ya dawo a bushe. Na hagu kuwa yana nan yana aikinsa. Shi kuma Orval da hannu bibbiyu yake ɗaukar hula, wai gwanaye haka suke yi.

Ya auna gwangwani.

Daram! Har shi kansa sai da ya yi tsalle.

Ƙyat.

Daram! Ƙyat. Daram! Ƙyat.

Babu gwangwanin da ya motsa, sai dai bokitin Elwood da ya samu sabuwar ƙofa. Elwood ya dubi bokiti, ya dubi fuskar Orval, ya ƙirga da yatsu.

"Uku sun tashi, uku sun ƙi. Rabi da rabi. Maƙwabci, in ara maka almakashi?"

"Damshi ne," in ji Orval, ya shige gida.

Washegari ya bayyana a shagon kofi, leɓe fes kamar ƙwai. Kafin kowa ya buɗe baki ya ɗaga hannu.

"Na daɗe ina bincike a kan lamarin nan, jiya na kammala. Gashin baki da ɗurin harsashi ba sa zama wuri ɗaya. Ni na gano haka, ku rubuta ku ajiye. Da gangan na bari aka yi duk abin da aka yi, don gari ya ƙaru."

"Mun gode, Gwani," in ji Wilma daga bayansa, bakinta cike da fanke.

Orval ya juya ya ƙura mata ido. Ya daɗe yana kallon leɓenta na sama. Yatsunsa suka tashi suna murza iska a gefen hanci. Can sai ya buga tebur har kofuna suka yi tsalle.

"Elwood! A soke gasar shekara bakwai ɗin nan duka! Matar nan tun farko ba ta da gashin baki. Wannan ai maguɗi ne!"